KYAMARAR DAKO DA FARAUTA A ƘASAR DODORU

An shirya wannan takarda domin Hakimai da malamansu na ƙasar Gwandu, tun ba ma na Dodoru da garuruwan da ke tsakanin Gwandu da Kalgo ba, su sami bayani game da wata na'ura wadda maharban ƙasashen Turawa suka daɗe suna aiki da ita, yanzu kuwa duk mai 'yan kuɗi da wayar hannu yana iya aikawa a kawo masa. Ran da wani maharbi ya zo da ita gaban Hakimi neman izini, ko kuwa makiyayi ya tsince ta ɗaure a jikin itace ya kawo fada a tsorace, ya kamata a ce an riga an san ko mece ce, da abin da ta ke iya yi, da ɓarnar da za ta jawo in aka bar ta ba tsari.

Na'urar nan kyamara ce, watau abin ɗaukar hoto, amma ba ta bukatar mutum ya tsaya a bayanta. Ɗan akwati ne na roba wanda bai fi tafin hannu biyu ba. A kan ɗaure shi a jikin itace a daji a koma gida, duk dabbar da ta gitta ta gabansa, ko da rana ko da tsakar dare, sai ya ɗauki hotonta, ya rubuta kwanan wata da sa'a a gindin hoton. Tun da ya ke aikinta shi ne irin zaman nan da maharbi ya kan yi a bakin mashaya, a cikin wannan takarda za a riƙa kiranta kyamarar dako.

ASALINTA

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarun 1890 wani lauya Ba'amurke mai suna Joj Shiras ya riƙa gitta zare a hanyar namun daji a ƙasar Mishigan, ya haɗa zaren da kyamara da wani gari mai walƙiya in an kunna shi. Dabba na taɓa zaren sai haske ya tashi, ta ɗauki hoton kanta da kanta. A 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74. Duk wanda ya taɓa ɗana tarko ya san wannan dabara, abin da tarkon ke kamawa ne kaɗai ya bambanta. Daga baya aka bar zare aka koma ga wani ido na lantarki mai jin ɗumin jiki, aka kuma bar fim aka koma ga ɗan katin ajiya irin na wayar hannu, wanda ke ɗaukar dubban hotuna.

Masu binciken namun daji sun ci moriyarta ƙwarai. A shekarun 1990 wani masani a Indiya, Ullas Karanth, ya ƙidaya damisoshin ƙasarsu masu zane da ita, gama zanen kowace damisa daban ya ke da na 'yar'uwarta. A 2015 kyamarar dako ta ɗauko hoton wani zaki a ƙasar Gabon, bayan an yi wajen shekara 20 ana tsammanin zaki ya ƙare a can. A Nijeriya ma an yi aiki da ita a gandun dajin Yankari, a 2020 kuma ƙungiyar WCS ta fito da hotunan manyan biran nan da a ke kira gorila, har da masu goyo, waɗanda aka ɗauka a duwatsun Mbe na Jihar Kuros Riba.

Amma waɗanda suka fi kowa sayenta maharban Amurka ne, kuma dominsu a ke ƙera yawancin waɗanda ke kasuwa. Naman da su ke nema wata irin barewa ce mai ƙaho mai rassa, wanda ke zubewa kowace shekara ya sake tsirowa. Babu irinta a ƙasar Hausa. Abin da ke nan shi ne gada da barewa da mazo da batsiya da danginsu, waɗanda ƙahonsu ɗaya ne har mutuwa. Abin lura kuwa shi ne, barewar Amurka ta taɓa kusan ƙarewa: wajen 1900 ba su kai miliyan 1 ba a duk faɗin ƙasar. Sai aka hana farautar kasuwa, aka sa lasisi, aka yanke watannin farauta da adadin da kowa zai kashe, a 1937 kuma aka keɓe harajin bindigogi da harsasai domin kula da daji. Yau ana ƙiyasta su kimanin miliyan 30. Watau kyamara ta tarad da nama mai yawa da doka mai ƙarfi a can. A ƙasar Dodoru kuwa za ta tarad da daji wanda gonaki suka ci yawancinsa, da 'yan namun da suka rage a tsakanin sabara da geza. Dattawan maharba su ne shaida a kan yadda nama ya janye tun suna samari. Saboda haka abin da ya dace da maharbin Mishigan ba lalle ne ya dace da na Gwandu ba.

YADDA TA KE AIKI, DA ABIN DA ZAFI KE YI MATA

A fuskar akwatin akwai abu uku: gilashin hoto, da fitilar dare, da idon nan mai jin ɗumi. Idon ba ya ganin siffa, ba ya jin ƙara. Abin da ya ke jira shi ne wani abu wanda ɗuminsa ya bambanta da na wurin ya motsa a gabansa. In ya ji haka sai ya ta da kyamara daga barci, ta ɗauki hoto, ta koma ta kwanta. Wannan barcin ne ke sa batir ya yi makonni, wani lokaci har watanni.

A nan ne ƙasar Kebbi ke da tata matsala, wadda takardar da ke cikin kwali ba za ta faɗa ba. A ƙasa mai sanyi jikin dabba ya fi itatuwa da ƙasa ɗumi nesa ba kusa ba, saboda haka ido na jin ta tun daga nesa. A nan kuwa, cikin watan Afrilu da Mayu, awon zafi ya kan wuce 40 da rana, ɗumin jikin gada kuwa bai wuce 39 ba. In ɗumin nama da na daji suka zo ɗaya, sai gada ta wuce ta gaban kyamara salin-alin, ba hoto. A wannan lokaci kuma ciyawar da rana ta gasa, in iska ta kaɗa ta, sai idon ya ɗauka dabba ce. Mai kyamara ya dawo bayan mako biyu ya tarar kati ya cika da hotunan ciyawa, batir ya mutu tun kwana na uku. Mutum ya ce an sayar masa da jabu, alhali kuwa rana ce ta yi aikinta.

Maganin wannan ba shi da wuya. A ɗaure ta a inuwa mai kauri, kamar ta tsamiya ko kanya. A share ciyawa da 'yan rassa daga gabanta har wajen taki 10. A lokacin bazara a ƙara wa idon kaifi, gama kusan kowace kyamara tana da wurin saita wannan, da sanyin hunturu kuwa a rage. Sa'an nan a sani, da asuba da almuru da dare ne ƙasa ke hucewa, a nan ne idon ya fi aiki, kuma a nan ne namun da a ke nema suka fi yawo. Akwai kuma wani saiti wanda ke sa kyamara ta ɗauki hoto da kanta bayan kowane minti 5 ko 10, ko an gitta ko ba a gitta ba. Wannan yana da amfani a bakin tafki da tsakar rana, sai dai yana cin batir.

WADDA ZA A SAYA

Masu sayarwa sun fi cika baki a kan lambar megafiksel, watau yawan ɗigon da ke cikin hoto, su rubuta 30 ko 48 da manyan baƙaƙe. Kada wannan ya ruɗi kowa. A yawancinsu ainihin abin ɗaukar hoton ƙarami ne, na'urar ce ke buɗa hoton kamar yadda mai nono ke ƙara ruwa. Ƙwarya ta cika, amma nonon bai ƙaru ba. In da hali a nemi ganin hoton dare wanda irin wannan kyamara ta ɗauka, shi ne zai nuna gaskiyarta.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne saurin farkawa. Wata kyamara tana ɗaukar hoto cikin kashi ɗaya bisa huɗu na sakan bayan idon ya ji motsi, wata sai ta yi sakan guda ko fiye. Gada ba ta tafiyar ƙasaita, da tsalle da nutso cikin ciyawa ta ke wucewa, saboda haka kyamara mai nawa ba za ta samo kome ba sai ƙafar baya ko wutsiya. Wadda za a ɗaure a kan hanya kada ta wuce rabin sakan. Wadda za a sa a mashaya, inda nama ke tsayawa, ko mai nawa ce ta isa. A kuma tambayi tsawon lokacin da ta ke ɗauka kafin ta shirya wa hoto na biyu, gama sau da yawa uwa ce ke gaba, ɗanta na biye, kuma hoton ɗan ne ya fi na uwar amfani ga mai son sanin halin daji.

Fitilar dare iri uku ce. Akwai mai farin haske kamar walƙiya, wadda ke ba da hoto mai launi, amma tana razana nama, tana kuma nuna wa ɓarawo inda kyamara ta ke. Akwai mai ɗan jan haske kamar garwashi, hotonta fari da baƙi ne, tana kuwa haska nesa. Akwai wadda ba a ganin haskenta sam, sai dai ba ta kai ta biyu nisa ba. A dajin da makiyaya da masu itace ke ratsawa kullum, ta ukun ce ta fi dacewa. Nisan da su ke rubutawa a kwali, mita 20 ko 25, na ƙasa mai sanyi ne da babbar dabba. Mai neman gada a nan ya yi lissafi da rabin wannan.

Galibinsu suna cin ƙananan batura 8, waɗansu 12. Batir mai araha irin na tocila ba ya jimre wa fitilar dare, in ya daɗe cikin zafi kuma ya kan zubo da ruwa ya cinye ƙarfen ciki. Na litiyam ya fi tsada, ya kuma fi daɗewa. Wanda a ke yi wa caji yana da sauƙin kuɗi a kan lokaci, amma ƙarfinsa bai kai na sauran ba, wata kyamarar ba ta karɓarsa, sai a tambaya. Kada a gauraya tsoho da sabo. Katin ajiya mai lamba 32 ya isa, a sayi biyu domin kowace kyamara, in an je dubawa a zare ɗaya a sa ɗaya a bar wurin nan da nan. A duba robar da ke bakin murfi ta zauna daram, domin ƙurar hunturu ta fi ruwan damina iya neman ƙofa.

Akwai masu layin waya a ciki, waɗanda ke aiko da hoto cikin wayar mai su a lokacin da aka ɗauka. Yawancin na Amurka an ɗaure su da kamfanonin can, sai da biyan kuɗi wata-wata, ba kuma lalle su karɓi layin nan ba. Inda babu sabis kuwa ba su da wani fifiko. Akwai dalili na biyu da ya sa ba a so a ƙarfafa wa maharba gwiwa a kansu, za a zo gare shi a gaba.

INDA ZA A ƊAURE TA

Kyamara ba ta san daji ba. Wanda ya ɗaure ta inda nama ba ya bi, ko shekara ta yi ba za ta kawo masa kome ba. Saboda haka ilmin Sarkin Baka da mutanensa, na sawu da kashi da makwanci da wurin da aka ci ganye, shi ne gaba, na'ura na biye. Da rani nama ya kan bi ruwa, ko sauran tafki, ko gefen fadama, ko ramin da ruwa ya kwanta a gindin gulbi. Ya kan kuma bi itatuwan da ke zub da 'ya'ya, irin su gawo da aduwa da magarya da kanya. Wajen Kalgo, inda fadamar Gulbin Kebbi ta yi faɗi, a duba bakin da tudu ya haɗu da fadama, nan ne hanyoyi ke taruwa. Wajen Dodoru da Gwandu kuwa a duba saura da gefen kwazazzabai da 'yan kurmin da suka tsira daga gatari.

Tsawon da za a ɗaure ta ya danganta ga naman da a ke nema. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ɗaure ta daidai ƙirjinsa, domin nan ne hannunsa ya fi kaiwa. Gada kuwa tsayinta a kafaɗa bai wuce ƙafa 2 ba, sai ta wuce ta ƙarƙashin idon. Domin gada da batsiya, daidai gwiwar mutum ya isa. Domin barewa da mazo, a ɗaga kaɗan zuwa tsakiyar cinya. A bar taki 4 ko 5 tsakaninta da hanya, kada kuma ta fuskanci hanyar kai tsaye ta gefe, a karkata ta yadda dabba za ta daɗe tana tafiya a cikin idonta. Fuskarta ta dubi arewa ko kudu. In ta dubi gabas ko yamma, hantsi da la'asar za su cika mata ido, hoto ya fito fari fat. Itacen ya zama mai kauri wanda iska ba ta girgiza shi.

Kafin a bar wurin a tabbata kwanan wata da sa'a daidai su ke, gama hoton da ba a san lokacinsa ba rabin shaida ne. A saita ta ta ɗauki hoto 3 a jere duk sa'ad da ta farka. Sa'an nan mai ita ya rarrafa ta gabanta ya gani ko ta kama shi. Ba abin kunya ba ne, masana ma haka su ke yi.

Abokan gabanta a daji suna da yawa. Gara na iya yaɓe ta da ƙasa, tururuwa ta shige ciki, zanzaro ya gina ɗakinsa a kan gilashi. Kura ta kan tauna ta, biri ya kan juya ta ta dubi sama. Garken shanu guda in ya yi zango a gabanta zai cika kati kafin azahar, saboda haka a kauce wa burtali. Babbar abokiyar gaba ita ce gobarar daji bayan kaka, sai kuma hannun mutum. Kada a riƙa zuwa dubawa kullum. Warin mutum na zama a wuri, nama kuwa yana da hanci. Sau ɗaya a mako biyu ya isa.

KARANTA HOTUNA

Hoto 60 na gada ba gada 60 ba ne, watakila guda ɗaya ce mai bin hanyar safe da yamma. Masu bincike sun saba lissafa duk hotunan dabba iri ɗaya da aka ɗauka cikin rabin sa'a a matsayin zuwa ɗaya. Sa'an nan su kan auna da yawan kwanan da kyamarori suka yi. Alal misali, kyamara 5 in suka kwana 20 sun yi kwanan kyamara 100. In a cikin wannan gada ta zo sau 12 bana, baɗi kuma a wurare ɗaya da wata ɗaya ta zo sau 5, to, ko ba a san adadinsu ba an san inda aka dosa. Wannan lissafi bai fi ƙarfin malamin da ya saba da rajistar haraji ba.

Mazo ya fi sauƙin ganewa, domin fararen ɗigo da zanen jikinsa sun bambanta daga wannan zuwa wancan, ana iya sanin kowane da kamanninsa. Namijin mazo ne kaɗai ke da ƙaho, haka batsiya, haka kuma galibi gada. Barewa kuwa mace da namiji duk suna da shi, sai dai na macen siriri ne. Da wannan maharbi zai san namiji daga mace tun yana gida, ya san mai ciki da mai shayarwa. Wannan shi ne babban amfanin kyamara ga maharbi mai hankali: ya san abin da zai harba da abin da zai ƙyale tun kafin ya ɗura bindiga, maimakon harbin duk idon da ya yi ƙyalli a fitilar goshi.

Manomi ma yana da rabo. Gonar rogo ko gyaɗa ko masara da a ke ɓarna a cikinta da dare, kwana biyu sun isa a san ko gadu ne, ko beguwa, ko dabbar gida. Sau da yawa a kan ɗora wa makiyayi laifin da ba nasa ba, wani lokaci kuma nasa ne ya musa. Hoton na iya taimakon mai sulhu, amma nauyin da za a ba shi a shari'a, wannan na alƙali ne.

INDA HAƊARIN YA KE

Maharbin da, sai ya kwana bakwai yana dako kafin ya san sa'ar da mazo ke saukowa ruwa, sau da yawa ma ya gaji ya koma. Gajiyar nan tasa ita ce garkuwar nama. Kyamara ba ta gajiya. In ruwa ya rage a tafki biyu ko uku cikin watan Maris, aka sa kyamara a kowane, to, duk mai ƙafa huɗu da ke wannan daji an san sa'arsa. In kuwa mai layin waya ce, mazo na sunkuyawa ruwa labari ya kai gari, babur ya taso. Rani ɗaya ya isa a share abin da ya rage.

Wannan ba zato ba ne. Jihar Arizona ta Amurka ƙasa ce mai fari, inda namun daji ke dogara ga 'yan mashaya. Kyamarori suka yi yawa a bakin ruwa, masu zuwa dubawa suka hana nama sakat, maharba suka shiga jayayya a kan wuri. Hukumar namun daji ta jihar ta hana farauta da taimakon kyamarar dako daga 1 ga Janairu 2022. Su ke nan masu nama da yawa. Barewar da ke wannan yanki kuwa tana cikin jerin dabbobin da masana na duniya suka sa a sahun masu fuskantar ƙarewa. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kimanin 400 ne, yawancinsu a gandun nan na W da maƙwabtansa, inda Nijar da Binin da Burkina Faso suka haɗu, ba nisa da iyakar Kebbi, kaɗan kuma a Kainji da Yankari. Abin da ya ci zaki bai bar gwanki da kanki ba.

Doka tana nan tun da daɗewa. Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta kasa dabbobi aji-aji, akwai waɗanda aka hana kashewa, akwai waɗanda sai da lasisi. A 1985 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa, aka yi mata gyara a 2016 aka ƙara tara. Farauta a cikin gandun dajin ƙasa, irin na Tafkin Kainji, haramun ce a doka. Mallakar kyamara ba ta halatta wa kowa abin da doka ta hana. Malaman Malikiyya kuma sun halatta farauta domin ci, sun karhanta ta domin wasa kawai.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Shawarar da ta fi dacewa ita ce kyamara ta shigo ƙasa ta ƙofar ƙidaya. A shekarar farko a ɗaure ta domin a san abin da ke akwai, kada a harbi kome bisa labarinta. In rani ya ƙare Hakimi ya tara Sarkin Baka da dagatai da Arɗo da ma'aikacin daji na ƙaramar hukuma, a baje hotuna kowa ya gani. Dajin da aka ga uwaye da 'ya'ya a cikinsa ana iya shawarta abin da za a ɗiba, cikin iyakar lasisi. Wanda aka ga namiji ɗaya tilo yana yawo, a huta masa. A yi yarjejeniya cewa mashayar rani ba wurin harbi ba ce, ko da an sa kyamara a can domin ƙidaya, kuma mai layin waya kada ta zama ta farauta.

Malamin Hakimi ya buɗe littafi domin wannan. Ya rubuta sunan mai kyamara da garinsa, da lambar da ke jikinta, da dajin da za a kai ta, da ranar ɗaurewa da ranar kwancewa, daga baya kuma irin namun da aka gani da yawan zuwansu. A rubuta lambar rajista a cikin murfi da tawada marar gogewa, domin in an sace ko an tsinta a san mai ita. Dajin da ke ƙasar wani dagaci, sai da saninsa. Gonar wani, sai da yardarsa.

Kyamara ba ta bambanta gada da mutum. Kada a yarda a ɗaure ta a bakin rijiya, ko mashigin da mata ke wanka da wanki, ko hanyar shiga ruga, ko kusa da gidan kowa. Leƙen asirin mutane haramun ne a addini, abin kunya ne a al'ada. Hoton mutum in ya shiga bisa kuskure a goge shi, kada a yaɗa a waya. In kuwa abin da ya shiga alamar ɓarna ce, kamar masu makamai ko satar shanu, kada mai kyamara ya nuna wa kowa a kasuwa, ya kai wa Hakimi a asirce, shi kuma ya miƙa wa hukumar tsaro.

Saboda halin da dazuzzukan Arewa maso Yamma ke ciki a shekarun nan, akwatin da ba a san shi ba a jikin itace yana iya ta da hankalin ƙauye, yana iya jawo wa mai shi zargin leƙen asiri, daga jami'ai ko daga miyagu. Saboda haka a sanar da 'yan sanda da 'yan banga na yankin kafin a ɗaure, a kuma sa mai shela ya gaya wa makiyaya da masu itace kamanninta, da cewa ba ta fashewa, ba ta cutar dabba. Dajin da aka san ba lafiya, kada a kai ta can. In an riga an kai kuma hali ya canja, a bar ta har ƙura ta lafa.

Lokacin da ya fi kyau a fara shi ne watan Janairu, bayan an gama ƙunar daji, ciyawa ta kwanta, sanyi na taimakon idon. A kwance a ƙarshen Mayu kafin ruwa ya sauka ciyawa ta rufe hanyoyi. In an kwance a zare batura, a goge ƙura, a ajiye a wuri mai sanyi. Malami ya kwafi abin da ke littafinsa ya aika wa ofishin kula da daji a Birnin Kebbi, ya ajiye asalin a ofishin Hakimi domin a gwada da na shekara mai zuwa.